Wata Biyar da Sunka Rage wa Jikar Manjo

Ranar sadakar uku ta Kawu, ɗanshi na fari ya miƙe tsaye gaban mutanen da sunka cika ƙofar gida, ya yi sadaka da aikin ɗiyata. Bai tambaye ni ba, alhali ina zaune kan tabarma, tsakanina da shi bai kai taki huɗu ba. Ya ce ya ɗauke ta daga gidan likitar ƙauye inda gwamnati ta kai ta, za ta dawo Ƙonni ta kama aiki a kilinik ɗin da ya buɗe, ladan kuma Allah ya kai kabarin babanshi. Liman ya ɗaga hannu, anka shafa fatiha. Ni ma na shafa, don ba a barin fatiha ta wuce ka. Amma in faɗa tun nan: an yi mini laifi, kuma laifin da anka yi wa mamacin ya fi nawa girma.

Zan komo kan wannan. Ba don shi kaɗai na ɗauki bik da takarda ba. Na ɗauka don Kawu, ƙanen innata, wanda duk ƙasar nan ke kira Manjo, yadda ake kiran shugaban gidan likita na ƙauye. Ya daɗe da aje aiki, amma har ya koma ga Allah ba wanda ya kira shi da wani suna.

Masu zuwa gaisuwa iri biyu ne. Akwai tsofaffin mata na ƙauyuka, daga wajen Tsarnawa da Alela, wasu kan amalanke, wasu an goyo su kan moto, wato babur. Ba su yi kuka sosai ba. Kowace ta samu wuri ta zauna, sai ta ɗaga fatar idonta da yatsa ta nuna wa ta kusa da ita: "Kin ga nan? Hannunshi ne." Ɗaya ta ce ita ya fara yi wa aikin ido a ƙauyensu. Wata ta ce ƙarya ne, ita ce ta farko, lokacin ko gemu bai haɗa ba. Sai da matar Kawu ta ce, "Ku bari hakanan, gidan mutuwa ne." Sunka ci gaba ƙasa-ƙasa.

Sai kuma ma'aikatan jinya, maza da mata, wasu har da furfura. Su ne sunka yi kukan. Wani mai sa mutane barci a ɗakin tiyata ya taho tun daga Tawa, ya zauna kusa da ni yana share fuska da hula.

"Da ba don tsohon nan ba," in ji shi, "har yau allura kawai nike yi."

Na ce, "Ai na tuna ka. Ya sha zagin ka."

"Ya zage ni ƙwarai. Allah ya jiƙan shi."

Mai shayin bakin titi, da bai iya riƙe magana ba, ya ce gaban kowa, "Mutumin kirki ne, amma wallahi ya cika faɗa." Ba wanda ya musa mishi.

Aikin da anka san Kawu da shi na amodari ne. Ciwon idon nan in ya daɗe, fatar ido takan juya ciki, gashin ya riƙa gogar ƙwayar har mutum ya makance. Da can tsofaffi da hantsaki suke yawo, ƙulle a bakin zane, suna tsige gashin yana sake tsirowa. Kawu ya je wani horo na 'yan kwanaki, ya koyi yadda ake tsaga fatar a juyo ta waje a ɗinke. Iyakar abin da ya samu na ilimin ido ke nan. Shi kuwa gaba ɗaya yake so. Akwai lakwal, wato makaranta, a Yamai inda ma'aikacin jinya da ya riga ya yi aiki ke komawa ya ƙware kan abu guda: ido, ko tiyata, ko sa barci, ko yara. Da jarrabawa ake shiga, konkur suke ce mata. Sa'ad da labarin ya iske shi a ƙauye, shekarunshi sun wuce waɗanda ake karɓa.

Bai taɓa faɗin wannan da ɗacin rai ba, ni ne ke jin ɗacin a madadinshi. Abin da yakan ce kawai: "Ba wanda ya hana ni. Ba wanda dai ya gaya mini." Daga nan ya ɗora wa kanshi gaya wa mutane, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

In kana gaishe shi, ba bakinka yake saurare ba, idonka yake kallo. Kana cikin tambayar iyali sai ka ji babban yatsanshi ƙarƙashin idonka. Gidan suna, gidan biki, ƙofar masallaci bayan Juma'a, duk ɗaya ne gare shi. Ya taɓa tsayar da wani attajiri tsakiyar kasuwa ya ce mishi, "Alhaji, babbar rigarka ta yi kyau, idonka na hagu bai yi ba. Litinin ka tahi a duba ka." Mutumin ya ji haushi, amma ya je.

Ni mahauci ne. Aji shida na yi a lakwal, babana ya fitar da ni ya sa ni rumfa. Kawu ya taho kan kekenshi tun daga inda yake aiki, ya yini yana gardama da babana a zaure, ina jin su ta bayan danga. Bai samu yadda yake so ba. Ya fita ko furar da anka kai bai taɓa ba. Shekara da shekaru bai sake tayar mini da zancen ba, har na ɗauka ya shafe ni cikin ranshi.

Bayan ya aje aiki, wata Asabar da safe sai ga shi a rumfata, ya tsaya kan kanun raguna da na jera zan babbake.

"Kak ka sa wanga wuta," in ji shi. "Da wanga. Ido biyu lahiya lau nike so, kak wuƙarka ta taɓa fatar."

Na ce, "Kawu, ɗanyen kai da gashinshi, mi za ka yi da shi?"

"Lakwal zan buɗe."

Ashe da gaske yake. Ɗaliban jinya da ake turowa asibitin gari su koyi aiki da hannu, abin da suke kira istaj, su ya fara tarawa a zaurenshi ran Lahadi da hantsi. Kan rago cikin tire, allura da zare na ɗinkin mutum, kowa ya tsaga fatar ido ya ɗinke, shi yana tsaye bayansu da tabarau a bakin hanci. In ɗinki ya karkace ya ce a warware a sake. In an gama, kai ya dawo wurina in babbake, a shiga da shi gida a dafa, ɗalibai su ci. Matar Kawu ta sha leƙowa da zare a hannu:

"Manjo, ko dai ku warware ɗinkinku, ko ku dahe abinku da kanku. Cikin haƙorina na ciro wanga."

"Miƙo in gani," in ji shi. "In ƙullin bai kwance cikin tukunya ba, mai shi ya iya."

Wata Lahadi na kawo kanun, zan juya, ya ce in tsaya. Ya ce wa ɗaliban, "Ku matsa, ga malaminku na wuƙa." Na ɗauka ba'a ce. Ya miƙo mini 'yar askarsu, ya ce in nuna musu yadda ake raba fata da nama ba a huda ba. Na yi abin da nike yi kullum. Ya ce, "Kun ga wuyan hannunshi? Kafaɗa ba ta motsi. Ku kuwa da dukan jiki kuke yanka, kamar masu saran icce." 'Yan boko, masu jiran dipilom, sunka sunkuyo suna kallon hannuna. Na miƙa mishi askarshi, na fita. Sai da na kai rumfa na gane mutumin nan bai shafe ni ba. Ba wanda ya taɓa ba ni girma irin na ranan nan, kuma har ya rasu ban yi mishi godiya ba, don ban san ta inda ake farawa ba.

Ba kowa yake turawa ga ido ba. In ɗalibi ya gama zagaya ɗakunan asibiti, tambaya guda yake yi mishi: "Wane ɗaki ne ka shiga ba ka duba agogo ba?" Mutumin Tawan nan, yana ɗalibi, ya ce shi sa barci yake so, don ya ga masu yin shi zaune suke. Kawu ya ce, "Rago. Tahi ka tsaya kusa da su sati guda, ka komo ka gaya mini." Ya komo ya ce, "Manjo, zaune suke, amma ko ƙiftawa ba su yi, numfashin mutum duk a hannunsu yake." Kawu ya ce, "Har yanzu kana so?" Ya ce yana so. "To yau ka fara so, da can kujera kake so." Wata kuma ko idon rago anka taɓa sai ta kau da kai. Ya bincika, anka ce mishi ita ce ke samun jijiyar jariri da allura karo guda. Ya ce mata, "Bar mana ragunanmu, ɗakin yara na jiran ki."

In mutum ya zaɓa, sai faɗan takardu ya fara. Littafin istaj, a sa hannu ranar da anka yi aikin, ba ƙarshen wata ba, don mai sa hannun ana iya canza mishi gari. Kowace takarda a yi mata kofe uku. "Ɗaya gunka, ɗaya gun uwarka, ɗaya guna. Gara ta taɓa cinye mini dipilom, na san abin da nike faɗi." In an gama lakwal, a karɓi aikin gwamnati duk inda anka kai mutum, a cika shekarun da ake nema ba yankewa, don sai da takardar shaidar shekarun nan ake karɓar mutum ya zauna konkur. A riƙa leƙa buro na babban lokotoro, wato ofishin babban likita, ana tambaya ko sanarwa ta fito, ko da ana koro ka. A riƙa tuna shekarun haihuwa. Wannan na ƙarshe sau biyu yake faɗin shi.

Ɗiyata ta fari, tun tana rarrafe suke wasan jika da kaka. Yana ce mata uwargida, tana ce mishi tsohon miji mai rowa. Shi ya tsaya ta shiga lakwal ta jinya, ni kuma na ce to, don na rantse ba ni yi wa nawa abin da anka yi mini. Ranar da ya yi mata tambayar agogo, ta ce ɗakin ido.

"Don ki faranta mini?"

"Kai wa? Wata tsohuwa na gani, an kwance mata bandeji, ta dubi jikanta ta ce, ashe haka kunnuwanka suke."

Ya yi dariya har tabarau ya faɗi cikin tire.

Da ta gama, anka kai ta wani ƙauye bayan Alela, inda mota ba ta shiga da damina. A nan munka yi faɗa da shi, kuma ni ne ba ni da gaskiya. Na ce ɗiya mace ba ta zaman daji ita kaɗai, akwai wani mai sayen nama wurina da ya san manya, zan yi mishi magana a maido ta gari.

"A gari mi za ta yi?" in ji Kawu. "Ta zauna bakin ƙofa tana rubuta sunaye, manya na ciki suna aiki. Can kuwa ba kowa sai ita. Duk tsohuwar da gashi ke suka, gunta za ta zo. Ran konkur abin da hannunta ya taɓa shi zai cece ta."

Na ce, "Ba kai ka haife ta ba."

Ya dube ni. Ya ce, "Haka babanka ya ce mini." Ya ɗauki sandarshi ya tafi.

Sati uku ba abin da ya haɗa mu sai sallama. Amma kowace Asabar ina ware kai biyu ban sa wuta ba, shi kuma ya zo ya nuna da sanda ya ɗauka. A ta huɗu na ce, ina kallon ƙasa, "Na bar ta can." Ya ce, "Wanga ragon idonshi guda ya mutu, canza mini." Shi ke nan sulhunmu. Daga baya na ji ashe tun satin farko ya sa an goya shi kan moto har ƙauyen, da tsufanshi, ya damƙa ta hannun matar maigari, wadda shi ya taɓa gyara wa ido. Cikin gidansu take kwana, tare suke cin tuwo.

Bara hannunshi ya fara rawa. Shi ya riga kowa gani. Yana cikin nuna wa ɗalibai ƙulli, ya aje allura cikin tire ya ce, "Daga yau baki kaɗai gare ni." Bai sake taɓa ta ba, bakin kuwa bai huta ba. Ciwon ajalin bai daɗe ba, kwana tara ne. Na je duba shi da hantsi, ya ce, "Uwargida saura wata nawa ta cika shekarun konkur?" Na ce biyar. Ya ce, "Biyar ba yawa. Ka ce mata kofen takardar haihuwarta ya dushe, ta sake wani." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Washegari bayan azahar ya cika.

Allah ya jiƙan shi, ya yafe mishi faɗanshi, ya haskaka makwancinshi gwargwadon idanun da ya hana duhu shiga. Ya yi shekarunshi, ya ci ya sha, ya ga waɗanda ya koyar sun wuce shi, kuma abin da yake so ke nan. Ni ba ni da ƙorafi kan mutuwarshi.

Yanzu in komo kan ɗanshi. Ni da shi taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Tun muna yara yake ce mini bawana, ina ce mishi matsoracin jini, don ko kaza anka yanka sai ya nemi bango ya dafa. Allah ya buɗa mishi ta motocin siminti na Malbaza, ya je Makka ya zama Alhaji, ya gina kilinik ya zuba ma'aikata. Ba mugu ba ne. Amma bai taɓa zama zauren nan ran Lahadi ba ko sau ɗaya, bai san mi babanshi ke shiryawa ba. Shi dai ya ga yarinya cikin daji, ya ga yana da wuri.

Da anka gama shafa fatihar nan, ya juyo ya dafa kafaɗata ya ce da ƙarfi, "Bawana, ka ga ubangidanka ya yi maka gata." Mutane sunka yi dariya. Kowa ya san ba a fushi da maganar taubashi. Ni ma na buɗe haƙora.

Da na koma gida na iske uwar yarinya tana share ɗakin baya, har da waƙa. Ɗiyata kuwa na zaune kan turmi da takarda a hannu, wadda za ta sa wa hannu ta bar aikin gwamnati. Alhaji ne ya ba ta, ya ce ran sadakar bakwai yake son a mayar mishi da ita.

"Baba," in ji ta, "in na sa hannu, duk zaman da na yi can ya tashi banza. Sai in sake daga farko, in ma an sake ɗauka ta."

"To ki ce ba ki so."

"Ni? Bayan an shafa fatiha? A ce na ƙi sadakar kakana? Alhaji shi ma ubana ne, ba ni iya duban shi in ce a'a."

Na ce, "Bar Alhaji, bar ni, bar uwarki. Ke mi kike so?"

"Ido nike so, Baba."

Uwarta ta fito da tsintsiya a hannu. "Ido, ido! Ni nawa idon ya gaji da kallon hanya."

"Wata biyar ne, Inna."

"Bayan su kuma Yamai."

Gaskiya ta faɗa. Ta tsaya ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta jingine tsintsiya ta shiga madafa. Na karɓi takardar na ninke na sa aljihu.

Kwana huɗu ina yawo da ita. Ni ba mai iya magana gaban manya ba ne, in raina ya ɓaci bakina ya fi ni sauri. Ran bakwai da safe, bayan an gama addu'a, mutane na nan kan tabarmi ana raba masa, na yafito Alhaji zuwa zaure. Ya shigo yana murmushi, hula a hannu.

"Bawana, ka kawo takardar?"

Na miƙa mishi. Ya buɗe, ya ga ba sa hannu.

"Mi ke nan? Albashin ne bai yi muku ba? Faɗi, a ƙara."

Na ce, "Alhaji, yau ba taubashinka ke magana ba, uban yarinya ne. Na san alheri ka nufa, shi ya sa na kira ka nan ban faɗa waje ba. Babanka ya daɗe yana share wa yarinyar nan hanya, saura wata biyar ta kai, kai ka zo rana guda za ka toshe, kana kiran shi lada. Ba ka tambaye ta ba. Ni ma ba ka tambaye ni ba, don ka ɗauka mahauci bai san komi ba sai nama. Ni an yanke mini karatu ina ji ina gani, ba wanda ya ce mini mi kake so. Ba a yi wa tawa haka ina numfashi. Gobe za ta koma ƙauyenta. In Allah ya sa ta dawo daga Yamai da takardar ido, kana son ta a kilinik ɗinka, ka zo gidana ka yi sallama ka tambaye ta da bakinka. Saura abu guda. Gaban mutane ka faɗa, anka shafa fatiha, yarinya ta kasa ɗaga kai. Gaban mutane za ka janye. Liman bai tashi ba tukuna. Sa hularka mu fita."